Bayan Ante

Litinin, 9 ga Fabrairu, 1948, da hantsi

Ante bai zo aiki ba. Tun safe aka kunna fitilu, aka jiƙa titin katako na ɗakin ɗaukar fim da tiyo, jaruma Maxine Dorr ta zauna da kwalliyarta har ta fara narkewa, shi kuwa shiru. Darakta Lindauer ya aiko a tambaye ni a ɗakin yanka fim, tunda ni ce yayarsa. Na ce rabona da shi tun Juma'a. Ɗan aiken ya ce, "Dane Corley fa nake nufi." Na ce na sani. Sunan da kamfani ya raɗa masa ke nan, wai ba wanda zai yanki tikiti don ya kalli Ante Bilich.

Wannan ne fim na farko da aka ba shi jarumi, kuma saura kaɗan a gama ɗauka. Ni nake yankawa ina haɗawa. Na daɗe a wannan aikin, amma ba a taɓa ɗora mini a kan tebur fuskar da na yi wa wanka tana jaririya ba.

Ba komai. Ya taɓa yin haka da ya dawo daga yaƙi. Da ƙafarsa ya dawo, da yunwa da gemu.

Litinin, da yamma

Bai kira ba.

Laraba, 11 ga Fabrairu, bayan la'asar

Larabar Toka, ranar da muke fara azumin coci. Na hau jan jirgin lantarki zuwa San Pedro. Tun kafin in sauka warin gidajen gwangwanin kifi ya tare ni. Na tarar da Mama da toka a goshi, ta dawo daga coci, tana tuƙa tuwon masara.

Ta ce, "Ina ɗan'uwanki?"

"Aiki ya riƙe shi, Mama."

"Aikin me? Tsayuwa gaban fitila ana shafa masa hoda kamar amarya? Ubanku ya yi aiki. Wannan wasa ne."

Ta zuba mini miyar kifi, ta zuba masa tasa ta rufe da faranti ta tura cikin tanda. Na cinye tawa duka don kada ta kalle ni.

Alhamis, 12 ga Fabrairu, da azahar

Wani ɗan sanda ya zo har kamfani, Sajan Mulvey, babban mutum mai magana a hankali kamar yana tsoron tayar da jariri. An ga motar Ante a Point Fermin, a bakin gangaren da ke kallon teku. Makulli yana jiki. Kwat ɗinsa a ninke kan kujera.

Ya tambaye ni ko Ante ya iya ninƙaya. Na ce ɗan masunci ne, ya iya ruwa kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi. Ya ce, "Madalla." Bai ce madalla da me ba.

Ante ba ya ninke kaya. Inda ya tuɓe nan yake yarwa. Ban gaya wa Sajan wannan ba.

Juma'a, 13 ga Fabrairu, da safe

Mista Pruitt, furodusa, ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, ya ba ni sigari, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Zorka, ke ta gida ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba. An gaya wa 'yan jarida Dane yana kwance da mura mai tsanani. Haka za ki ce wa duk wanda ya tambaya."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

"Kuma dole mu gama fim ɗin. Idan aikin ya fi ƙarfinki, in ba wani."

Na ce ba wanda zai taɓa shi sai ni. Ya yi ajiyar zuciya. Ban sani ba ko ta tausayi ce ko ta samun sauƙi.

Lahadi, 15 ga Fabrairu, da yamma

Na gaya wa Mama zancen motar. Motar kaɗai. Ta ce ai tun ranar da ya saye ta ta san ba ta da lafiya, ta mutu masa a hanya ya yi fushi ya bar ta. Na ce haka ne. Ta ajiye masa abinci.

Talata, 17 ga Fabrairu, da hantsi

Tun safe ina gaban injin dubawa. Gilashinsa bai fi tafin hannu ba, Ante yana ciki yana tafiya, yana tsayawa idan na taka birki, yana komawa da baya idan na so.

A fim ɗin ma'aikacin wani ruɓaɓɓen otal ne. Wata mata, Maxine ke nan, ta shigo a jiƙe, 'yan sanda suna nemanta, ya ɓoye ta a ɗakin sama. Daga nan ba abin da ya sake yi masa daidai. Irin finafinan da kowa yake yi yanzu ne: ruwan sama, hayaƙin sigari, inuwar labulen taga ta ratsa fuskar mutum kamar sandunan kurkuku. Lindauer ba ya ƙoshi da duhu. Kullum kalmarsa ga mai kyamara ɗaya ce, a rage wuta. Rabin fuskar ƙanena kawai nake gani a yawancin wurare, ɗaya rabin baƙi ƙirin.

Akwai inda ya miƙa hannun hagu zai ɗauko makullin ɗaki, hannun riga ya zame, tabon ya fito. Ƙunar da ya samo a yaƙi, ranar da jirgin ruwansu ya kama da wuta, daga wuyan hannu har gwiwa. Ba a son a gan shi. Na yanke wurin. Guntun yana aljihuna.

Laraba, 18 ga Fabrairu

An yi ruwa. Na gaske.

Juma'a, 20 ga Fabrairu, da azahar

Maxine ta shigo ɗakina ba sallama, da gahawa kofi biyu. A fim ita ce muguwa, mai sa maza su hallaka. A waje mace ce mai ciwon ƙafa da yara biyu a Burbank. Ta cire takalmi ta hau kan gwangwanayen fim ta zauna.

Ta ce, "Kina cin abinci kuwa? Kin koma kamar tsintsiya."

Na ce, "Ke da ake biya don ki rame."

Ta yi 'yar dariya. Sannan ta ba ni labarin Juma'ar da aka yi masa ganin ƙarshe, ban tambaye ta ba. Suna ɗaukar wurin da ake harbi a lungu, tiyo uku suna zuba ruwa daga sama, ana hura hayaƙi. Bindigar ƙarya ta tashi. Lindauer ya ce kat, a tsayar da ɗauka. Kowa ya watse, Ante yana tsaye cikin ruwa. Sai ya ce da ita, "Maxine, kina jin warin nan?" Ta ce wane wari, ya ce ba komai. Ya yi dariya, ya je ya ci abincin rana tare da masu fitilu, ya ba ɗayansu kek ɗinsa.

Ta ce, "Na rantse miki lafiyarsa ƙalau. Har ya tsokane ni kan hulata."

Na ce na gode. Ta bar takalminta ɗaya, sai da ta dawo ta ɗauka.

Juma'a, bayan an tashi aiki

Na nemo wurin. Kyamara ba ta tsaya nan take ba bayan an ce kat, ta ɗan ci gaba. Ga shi tsaye, ruwa yana zuba daga bakin hularsa, yana kallon wani abu can sama da kan mutane. Leɓensa ya motsa. Babu sauti a nan.

Na mayar baya na sake kallo. Na sake. Na sake. Babu komai a wurin da yake kallo, na sani, katako ne da igiyoyi.

Lahadi, 22 ga Fabrairu, da yamma

Matan gidan gwangwani sun kawo wa Mama labari. Wai ɗan wata ya ga Ante a Tijuana, can ƙetaren iyaka, a wata mashaya, da mace a gefensa. Mama tana ta faɗa tana murna a lokaci guda. "Mace. Na sani. Bari ya dawo, sai na ja kunnen nan har ya yi tsawon na jaki." Ta soya sardin fiye da abin da mutum biyu za su ci.

Ni ma na so in yarda. Na yarda har zuwa tashar jirgi.

Talata, 24 ga Fabrairu, da la'asar

Sun samo wanda zai ƙarasa. Ba wanda ya gargaɗe ni. Na shiga ɗakin ɗauka zan kai wa Lindauer saƙo, sai ga shi can ƙarshen titin katako, ya ba ni baya, da rigar ruwa da hular da yake sawa a fim ɗin, kafaɗar dama ta ɗan sauka.

Na dafa wani akwati.

Sai ya juyo. Wani ne. Jan fuska, karyayyen hanci, manyan kunnuwa. Sunansa Hollis, mutumin Oklahoma, shi ma tsohon soja. Da aka gaya masa ko ni wace ce, ya cire hular ya riƙe ta a ƙirji.

Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Ni aiki aka ce in zo."

Na ce, "Ka rage faɗin taku. Shi ba ya sauri."

Ban san me ya sa na faɗa masa haka ba.

Alhamis, 26 ga Fabrairu

Na yi aiki.

Asabar, 28 ga Fabrairu, da hantsi

An sake ƙarshen labarin. Da, Ante zai tsaya gaban kyamara ya yi dogon bayani. Yanzu daga baya kawai za a gan shi, yana tafiya cikin ruwa zuwa ofishin 'yan sanda, a ji muryarsa ya ce, "Ni ne kuke nema." Bai taɓa faɗin haka ba. Lindauer ya ce in nemo kalmomin a cikin abin da aka riga aka naɗa, in ɗinka su.

Na samu "ni ne" a wurin da yake amsa waya. Na samu "kuke nema" a wurin da yake tambayar baƙi wane ɗaki suke so. Na haɗa. Ya faɗa. Da muryarsa, kamar da gaske.

Lindauer yana tsaye bayana. Tsoho ne, ya gudo daga Turai kafin yaƙi, danginsa ba su gudo ba. Ba ya zancensu. Na ce, "Yallaɓai, me ya sa a finafinanka ba wanda yake tsira?"

Ya ce, "Ki leƙa sinima ki ga su wa ke zaune a ciki. Rabinsu daga yaƙi suka dawo. In na ƙare musu da biki za su san na raina musu hankali."

Ya kai hannu kamar zai dafa kafaɗata, ya fasa, ya ce in rage numfashin da ke tsakanin kalmomin.

Laraba, 3 ga Maris, da rana

Sajan Mulvey ya kira. Wasu masunta sun jawo wani abu a komarsu tsakanin nan da tsibirin Catalina. Ya ce ba dole ba ne, amma zai fi kyau in zo.

Laraba, da yamma

Na je. Gini ne mai sanyi a cikin gari, ƙasan bene, farin tayil har rufi.

Fuska, ba abin da zan ce a kanta. Ruwa ya yi aikinsa.

Na ce su rufe hannun hagun.

Sajan ya ce, "Kin gane shi, Malama Bilich?"

Na ce a'a.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Za mu ajiye shi zuwa bikin Ista, ko za ki tuna wani abu. Bayan nan hukuma ce za ta binne shi tare da waɗanda ba a san sunansu ba." Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da tasi.

Na koma kamfani. Akwai aiki.

Alhamis, 4 ga Maris

Ba shi ba ne.

Juma'a, 5 ga Maris

Mutane da yawa sun ƙone a yaƙin nan.

Lahadi, 7 ga Maris, da yamma

Mama ta wanke labulen ɗakinsa, ta ce idan ya zo da matar Tijuana kada ta ce gidansu ƙazanta. Likita ya ce zuciyarta ba ta son tashin hankali, tun bara ya faɗa, a gabana da Ante. Na taya ta rataye labule. Na buɗe baki, sai ta ce in miƙo mata ƙugiya. Na miƙa mata.

Ta ajiye masa abinci.

Laraba, 10 ga Maris, da azahar

Ban iya cin kifi yanzu. Ga shi azumi ne, ba abin da ake dafawa sai shi.

Juma'a, 12 ga Maris, da la'asar

An gama ɗauka. Hollis ya leƙo ya yi mini sallama, cikin nasa kayan, ba ya kama da kowa. Ya tambaya ko tafiyar ta yi. Na ce ta yi. Na haɗa ta da ta Ante, inda ɗaya ya fita daga ƙofar otal ɗaya ya shiga titi, ni kaina sai na duba alamar da na sa sannan nake gane mahaɗar.

Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, "Ni ma akwai lokacin da nake tashi in kama hanya, ban san inda za ni ba. Ƙanwata ce take nemo ni." Na ce Allah ya bar masa ita. Ya tafi.

Saura mako biyu Ista.

Litinin, 15 ga Maris

Na ɗaga waya zan kira Sajan. Na ajiye.

Talata, 16 ga Maris, da hantsi

Pruitt yana sauri. Ranar Juma'a za a gwada fim ɗin gaban 'yan kallo a wata sinima a Long Beach, ko kiɗan ba a gama sawa ba. 'Yan jarida sun daina tambayar mura. Yanzu cewa suke jarumin ya ɓace, Pruitt kuma ya daina musantawa. Na ji shi a waya yana cewa ba laifi a bar su su rubuta.

Labarin gwajin ya kai San Pedro kafin ni. Mama ta kira daga shagon maƙwabta. "Za ki zo ki ɗauke ni ko in hau jirgi da kaina?"

Juma'a, 19 ga Maris, bayan mun dawo

Ta sa baƙar rigarta ta coci da ɗankwalin leshi. Sinima ta cika. Na zaunar da ita a gefe don mu fita da sauƙi.

Da ya fito, fuskarsa ta cika bango, ta damƙe hannuna. Ta ce, "Ya rame." Da Maxine ta shigo a jiƙe ta ce, "Wannan ba matar arziki ba ce, ko makaho ya gani." Wani a baya ya ce a yi shiru. Ta juya ta ce, "Ɗana ne." Bai sake magana ba. Ta yi ta ba shi shawara ƙasa-ƙasa, kada ya hau bene, kada ya buɗe ƙofa, ya sa rigar sanyi. Bai ji ko ɗaya ba.

Sai ƙarshe. Titi, ruwa, fitila ɗaya. Bayan mutum cikin rigar ruwa yana tafiya. "Ni ne kuke nema." Hannunta ya saki nawa.

An yi tafi sosai. A ƙofa Pruitt yana ta gaisawa da mutane, fuskarsa tana ƙyalli. Lindauer ya sunkuya ya sumbaci hannun Mama, ta ƙyale shi.

Muka hau jirgi, muka wuce rijiyoyin mai. Sannan ta ce, tana kallon taga, "Wane ne na ƙarshen nan?"

"Ante ne, Mama."

"Zorka."

Na ce sunansa Hollis.

"Yana da uwa a garin nan?"

Na ce ban yi zato ba.

"Ki ce ya zo ya ci abinci ranar Lahadi. Ya zo da rigar."

Asabar, 20 ga Maris

Matar da ke kula da kayan 'yan wasa ta ba ni rigar da hular, ba ta tambaye ni komai ba. Hollis ya ce zai zo.

Lahadi, 21 ga Maris, da la'asar

Ya zo bayan an taso daga coci, da furanni a takarda. Mama ta zaunar da shi a kujerar Ante. Ta buɗe tanda ta ɗauko farantin da ta rufe, ta ajiye a gabansa. Ya ci, ta ƙara masa, ya ci. Ta tambaye shi sunan uwarsa, da abin da suke nomawa a garinsu, da inda ya yi yaƙi. Ya ce Italiya. Ta ce yana barci kuwa? Ya ce wani lokaci. Ta ce hancin fa, wa ya karya masa? Ya ce doki. Ta ce dokin ya kyauta, da ba a san inda fuskar ta dosa ba. Ya yi dariya har ya ƙware, ta bubbuga masa baya.

Da zai tafi ta ɗauko rigar ruwan da kanta ta riƙe masa ya zura hannu. Ba hadari ko kaɗan, rana tana ta haska tashar jiragen ruwa. Ta gyara masa wuya, ta ɗora masa hular.

Ta ce, "Ɗana, ka bi titin nan har kwana. Ka tafi a hankali. Kada ka juyo."

Ya kalle ni. Na gyaɗa kai.

Muka tsaya a bakin ƙofa. Ya sauka daga matakala, ya bi gangaren, ya wuce shagon burodi, ya wuce gidan Fada, limamin cocinmu, kafaɗar dama a sauke. Yara suna wasa a titi suka ba shi hanya. Mama ba ta ɗaga hannu ba, ba ta yi kuka ba. Leɓenta yana motsi. Ya kai kwana, ya sha, titi ya zama titi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "Tun yaushe suka same shi?"

Na faɗa mata.

"Kin gan shi?"

"Na ga hannun."

Ta gyaɗa kai. "Kin bar ɗan'uwanki cikin sanyi, ke kuma kin shiga tare da shi. Gobe ki kai ni. Ki biya ki gaya wa Fada."

Ta shiga ciki. Ta ɗauko farar rigarsa daga durowa, ta ɗora dutsen guga a kan wuta. Na ce ta bari in yi. Ta ce ban iya wuyan riga ba.